Sauya hanyar iskar inji a motocin a-kori-kura: ƙarfi nawa yake ƙarawa, mai nawa yake ragewa?

Hanyar iskar inji ita ce duk abin da iska ke ratsawa daga wajen mota har ta isa cikin silinda. Ta ƙunshi bakin da ke zuƙo iskar daga bayan ragar gaban mota ko daga gefen taya, da akwatin roba da matatar iska ke zaune a ciki, da matatar kanta, da na'urar da ke auna yawan iskar da ta wuce, sai bututun da ke kai ta bakin totur ko bakin turbo. A Amurka, inda a-kori-kura irin su Ford F-150 da Ram da Chevrolet Silverado suka daɗe a sahun gaba wajen cinikin motoci, cire wannan hanya ta asali a sa wata ta kasuwa yana cikin gyare-gyaren farko da mai sabuwar mota kan yi. Kamfanoni irin su K&N da S&B da aFe da Banks suna sayar da cikakken saiti, galibi tsakanin dala 300 zuwa 500, kuma mutum na iya ɗaura shi da kansa a ƙofar gidansa cikin awa guda da sukudireba da 'yan sufanu. Alkawari biyu ne ke jan masu saye: ƙarin ƙarfi da rage shan mai. Na farko yana da tushe, ko da yake bai kai yadda ake kururuta shi ba. Na biyu kuwa da ƙyar yake tsayawa idan aka duba yadda injin zamani ke aiki.

Kayan da ake sayarwa ba iri ɗaya ba ne. Mafi sauƙinsu matata ce kawai da ake sakawa cikin akwatin asali a gurbin ta takarda, yawanci ta auduga da aka matse tsakanin ragar waya aka shafa mata mai, irin wadda K&N na jihar Kalifoniya ya yi suna da ita tun ƙarshen shekarun 1960. Akwai kuma wanda ake cire akwatin gaba ɗaya, a sa gajeren bututu da matata mai siffar mazurari tana zaune a fili ƙarƙashin bonet, wani lokaci da ɗan shingen ƙarfe tsakaninta da inji. Mafi tsada shi ne mai rufaffen akwati da ya fi na asali girma, da bututu mai faɗi da santsi, wanda ke ɗebo iska daga waje. Duk ana tallata su da sunan hanyar iska mai sanyi, alhali ba duka suka cancanci sunan ba.

Hujjar masu sayarwa tana farawa ne daga wata gaskiya da babu mai musunta. Inji ba ya ƙona mai shi kaɗai. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, wato lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Ƙara wa inji mai abu ne mai sauƙi, kwamfutar mota tana iya yin haka cikin ƙiftawar ido. Abin da ke yi wa ƙarfin inji iyaka shi ne yawan iskar da silinda ke iya haɗiya a kowane zagaye. Injin Ford mai lita 5.0 da silinda takwas, idan yana juyi 6,000 a minti, yana neman iska kusan lita 15,000 a cikin wannan minti. Duk abin da ya tsaya wa wannan iska a hanya, ko ya dumama ta, zai rage ƙarfin da za a samu. Saboda haka hanya biyu ce kawai sabon saiti zai iya taimakawa: ya rage cikas, ko ya kawo iska mai sanyi.

Batun sanyi lissafinsa a fili yake. Iska idan ta yi zafi takan saki jiki ta yi sako-sako, sai iskar oksijin da ke cikin kowace lita ta ragu. Ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin ɗari, kuma ƙa'idar da injiniyoyin motoci ke amfani da ita wajen daidaita sakamakon gwaji tana nuna cewa ƙarfin injin da ba shi da turbo yana raguwa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kan wannan ƙari. Iska mai sanyi kuma tana rage haɗarin fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa, abin da ke ba kwamfuta damar barin lokacin tartsatsin fulogi inda ya fi ba da ƙarfi. Duk direban da ya lura da yadda mota ke sauƙin tashi da asuba fiye da tsakar ranar bazara ya riga ya ga wannan a aikace.

Sai dai akwai abin da talla ba ta cika faɗa ba. Akwatin asali na kusan kowace a-kori-kura ta zamani rufaffe ne, kuma daga waje yake ɗebo iskarsa. Wato motar ta zo daga masana'anta da hanyar iska mai sanyi. Wanda ya cire wannan akwati ya sa matata a fili ƙarƙashin bonet ya mayar da injinsa yana shaƙar iskar da ta riga ta ratsa lagireto ta kuma zaga jikin inji da bututun salansa. A cunkoso, ko a tsaye, ko a hawa da kaya cikin ƙaramar giya, zafin wannan wuri yakan zarce na waje da digiri 20 ko fiye. Idan mota ta kama gudu iskar hanya takan share zafin, amma a lokacin tashi daga tsaye, wanda shi ne lokacin da direba ya fi jin ƙarfin motarsa, irin wannan saiti yana iya cinye ribar da faɗin bututunsa ya kawo, har ma ya bar gibi. Rufaffen akwati na kasuwa ba shi da wannan aibi, amma shi ma iyakarsa ya kawo iskar waje, kuma ba zai sa ta fi yadda take a waje sanyi ba.

Saura batun cikas, kuma a nan ne ribar gaskiya take, gwargwadon ƙanƙantarta. Injin da ba shi da turbo nauyin iskar duniya ne ke cika masa silinda, kimanin kilofaskal 101 a daidai gaɓar teku. Duk abin da aka rasa na wannan matsi a cikin matata da bututu an rasa shi a ƙarfi. Masu ƙera manyan injinan dizal irin su Cummins sukan sa iyakar cikas ɗin da za a lamunta a kusan kilofaskal 6, kuma wannan iyakar matatar da ta riga ta toshe ce, wadda lokacin sauya ta ya yi. Kilofaskal 6 kusan kashi 6 ne cikin ɗari na matsin iskar duniya. Sabuwar matata a cikin akwatin asali cikas ɗinta ya gaza haka nesa ba kusa ba, kuma saitin kasuwa ba ya kawar da shi duka, ragewa kawai yake yi. Daga wannan kaɗai ana iya ganin rufin ribar: 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari, ba za ta wuce nan ba komai kyan bututun.

Wannan ya yi daidai da alƙaluman da su kansu masu sayarwa ke bayarwa idan aka karanta su da natsuwa. Sukan yi alkawarin ƙarin ƙarfin doki 10 zuwa 20. Lambar tana da daɗin ji, amma injin F-150 mai lita 5.0 na shekarun nan ƙarfin doki 400 gare shi, don haka doki 10 kashi 2.5 ne cikin ɗari. Na'urar da ake ɗora mota a kai don auna ƙarfinta takan ba da sakamakon da ya bambanta da kusan haka tsakanin gwaji da gwaji a rana ɗaya, gwargwadon zafin inji da zafin baƙin mai da yanayin ɗakin. Sau da yawa ana yin gwajin bonet a buɗe, ga babbar fanka tana hura iska, yanayin da ke ɓoye babban aibin matatar da ke fili. Sannan lambar da ake tallatawa ita ce tazara mafi girma da aka samu a wani wuri guda cikin juyin inji, galibi can sama kusa da jan layi, totur a ƙasa. Dalilin haka shi ne cikas a cikin bututu yana ƙaruwa ne kusan da ninkin yawan iskar da ke wucewa a kan kansa: idan iska ta ragu zuwa rabi, cikas ya koma kusan kashi ɗaya bisa huɗu. A juyi 2,000 zuwa 3,000, inda mai a-kori-kura ke jan tirela ko ɗaukar kaya, akwatin asali yana wadatar da injin har da rara.

Ana iya tambayar abin da ya sa masana'anta ke barin ko da wannan 'yar riba a ƙasa. Amsar ita ce injiniyan da ya zana akwatin asali ba ƙarfi kaɗai yake nema ba. Dole ya kashe ƙarar zuƙar iska don motar ta cika dokar ƙara kuma ta yi wa mai saye daɗin zama, shi ya sa ake ganin wasu ƙullutai da ɗakunan roba a jikin bututun asali, waɗanda aikinsu shanye amo. Dole ya hana ruwan sama da ƙanƙara da ganye shiga. Dole matatar ta yi dubban kilomitoci ba a taɓa ta ba, a hannun mai motar da ba ya buɗe bonet. Waɗannan duka suna cin ɗan abin da suke ci. Kamfanonin motocin sun san haka, har su ma suna sayar da nasu saitin na ƙari, Toyota da sunan TRD, Ram kuma da sunan Mopar.

Cire waɗannan ɗakunan shanye amo shi ne sauyin da mai mota ya fi ji. Da ya taka totur sai inji ya yi gurnani, a injin turbo kuma a ji fito da hucin iska. Kunne yana da tasiri ƙwarai a kan yadda mutum ke hukunta gudu, kuma motar da ta fi ƙara takan zama kamar ta fi ƙarfi ko da agogo bai nuna haka ba. Wanda ya sayi saitin don wannan amo ya sami abin da ya biya, kuma babu laifi a ciki. Kuskuren shi ne ɗaukar amon a matsayin shaidar ƙarfi.

Alkawarin rage shan mai shi ne ya fi bukatar a tsaya a kansa, domin shi ne hujjar da mutane ke ba kansu cewa kayan zai biya kuɗinsa. Tunanin da ke bayansa yana da kama da gaskiya: inji idan yana numfashi cikin sauƙi ba zai wahala ba, idan bai wahala ba kuma ba zai sha mai da yawa ba. Amma injin fetur ba haka yake aiki ba. Ana sarrafa ƙarfinsa ne ta hanyar shaƙe shi da gangan. Totur wani faifai ne a bakin inji da ke toshe hanyar iska, ƙafar direba ce ke buɗe shi gwargwadon bukata. A-kori-kura da ke tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya da gudun kilomita 100 a awa tana amfani ne da ɗan ƙaramin kaso na ƙarfin injinta, don haka faifan a kusan rufe yake, kuma cikas ɗin da yake haddasawa ya ninka na matata sau da yawa. Idan aka rage cikas a matata, iska ta ɗan ƙaru, mota ta nemi ƙara gudu, sai direba ya ɗan ɗaga ƙafa, ko na'urar riƙe gudu ta ɗan rufe faifan. Jimillar cikas ta koma inda take. Iskar da ta shiga silinda ita ce dai ta ɗazu, kwamfuta kuma tana auna ta, tana duba hayaƙin salansa da na'urar auna oksijin, tana zuba mai daidai da 14.7 ɗin nan. Iska ɗaya, mai ɗaya.

An gwada wannan ta ɗaya ɓangaren. A shekarar 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar makamashi ta Amurka, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi na toshe matatar iska da gangan a wasu motocin fetur, don ganin abin da zai faru da shan mai. A motocin zamani masu kwamfuta, ciki har da Toyota Camry da Dodge Charger da Buick Lucerne, toshewar ba ta sauya shan mai ta yadda za a ce wani abu ba. Abin da ta rage shi ne saurin tashi, wanda ya inganta da kashi 6 zuwa 11 cikin ɗari da aka mayar da matata mai tsabta. Mota ɗaya ce ta nuna bambanci a mai, wata Pontiac ƙirar 1972 mai kafireto. Daga baya cibiyar ta maimaita gwajin da motocin dizal masu turbo, ciki har da a-kori-kura Dodge Ram 2500, sakamakon bai sauya ba. Darasin da ke ciki ga mai neman saitin kasuwa a bayyane yake. Idan matatar da aka toshe ƙwarai ba ta ƙara shan mai ba, ba a tsammanin wadda ta ɗan fi sabuwar matata sakin iska ta rage shi.

Motar nan ta 1972 ita ce ke bayyana inda wannan imani ya samo asali. Kafireto ba shi da na'urar da ke duba hayaƙi ta gyara masa lissafi. Zuƙar iska ce ke janyo fetur daga cikinsa, don haka idan matata ta toshe zuƙar takan yi ƙarfi ta janyo mai fiye da kima, kamar an ja cok. A zamanin kafireto shawarar cewa matata mai tsabta tana rage shan mai gaskiya ce, kuma har yau gaskiya ce ga tsofaffin motoci da babura da janareto masu kafireto. Fasahar ta sauya tun shekarun 1980, maganar ta ci gaba da yawo.

Akwai ma wani abu da ke tafiya akasin talla. A tafiyar yau da kullum iska mai sanyi ba ta taimaka wa injin fetur wajen tattalin mai. Tunda ta fi nauyi, sai faifan totur ya ƙara rufewa kafin a sami ƙarfin da ake so, kuma fistan ya ƙara shan wahalar zuƙa. Fetur ma ya fi saurin narkewa cikin iska mai ɗumi. Shi ya sa motocin kafireto da yawa suke da ɗan bututu da ke ɗebo iska mai ɗumi daga jikin salansa idan gari ya yi sanyi. Bambancin ƙarami ne, amma ya isa ya nuna cewa abin da ke ƙara ƙarfi a jan layi ba lallai ne ya rage shan mai a kan hanya ba.

Injin dizal lamarinsa ya ɗan bambanta. Shi yawan man da nozul ke fesawa ne ke sarrafa ƙarfinsa, kuma kusan kullum yana da rarar iska. Tunda babu faifan da ke shaƙe shi kamar na fetur, rage cikas a gabansa yana iya rage 'yar wahalar da turbo ke sha, a ƙa'ida. A aikace kuwa manyan injinan a-kori-kura na yau, Cummins mai lita 6.7 na Ram da Power Stroke mai lita 6.7 na Ford da Duramax mai lita 6.6 na Chevrolet, duka kwamfuta ce ke ƙayyade matsin da turbo zai bayar da man da za a fesa. Idan iska ta zo da sauƙi, turbo ya kai matsin da aka umarce shi ba tare da ya yi juyi da yawa ba, kwamfuta kuma ba ta ƙara mai don kawai iska ta samu. Iskar ma bayan ta fita daga turbo tana ratsa wata lagireto ta musamman da ke sanyaya ta, wadda ke shafe mafi yawan bambancin zafin da aka samu a baki. Abin da mai dizal zai iya gani shi ne turbo ya ɗan fi saurin amsawa, zafin hayaƙi kuma ya ɗan sauka a dogon hawa da kaya. Haka labarin yake ga injinan fetur masu turbo irin EcoBoost na Ford.

To me ya sa masu motoci da yawa ke rantsuwa cewa shan mansu ya ragu? Ba ƙarya suke yi ba, awon ne ke da wuya. Shan man mota ɗaya a hannun direba ɗaya yana hawa da sauka tsakanin tanki da tanki saboda iskar da ke kaɗawa, da zafin gari, da cunkoso, da iskar taya, da kaya, har da inda famfon gidan mai ya yanke. Wanda ya kashe dala 400 yakan fara lura da allon shan mai, kuma mai lura da allo yakan sassauta ƙafa ba tare da ya sani ba. Wasu kuma sukan ɗaura saitin ne a ranar da suka yi wa motar sabis gaba ɗaya. Akwai kuma masu ba da labarin akasin haka, waɗanda daɗin gurnanin ya sa suke yawan taka totur, mai ya ƙara tafiya. Awon da za a dogara da shi sai an cika tanki an rubuta lita da kilomita sau da yawa kafin sauyi da bayansa, a hanya ɗaya da yanayi ɗaya.

Ko da an ɗauka cewa akwai ribar kashi 1 cikin ɗari, lissafin bai goyi bayan saye ba. Motar da ke yin kilomita 24,000 a shekara tana shan lita 12 a kowace kilomita 100 za ta sha lita 2,880. Kashi 1 na wannan bai kai lita 30 ba. Kafin wannan ya biya saitin dala 400 a farashin man Amurka, an haura shekara goma. Ya kamata kuma a tuna cewa tun 1975 dokar Amurka ta ɗora wa masu ƙera motoci mizanin tattalin mai, kuma sun kashe maƙudan kuɗi don cika shi, har Ford ta mayar da jikin F-150 na alminiyom daga ƙirar 2015 don rage nauyi. Da faffaɗan bututun roba yana kawo ribar da ake faɗa, da tuni sun sa shi a masana'anta. Rage gudu a babbar hanya, da cika taya daidai, da sauke kayan da ba a bukata, da guje wa manyan tayoyi masu zurfin haƙora, kowannensu ya fi sauya bututu tasiri a kan mai.

Abin da ya fi cancantar damuwa a duk wannan batu shi ne ƙura, domin ita ce dalilin wanzuwar matata tun farko. A shekarar 1915 Frank Donaldson, mai tallan tarakta a Amurka, ya haɗa matatar iska don taraktar wani manomi da ƙura ke ta kashewa, kuma daga nan kamfanin Donaldson ya samo asali. Ƙurar hanya mafi yawanta yashi ne mai laushi, wanda ya fi ƙarfen inji tauri. Idan ta shiga takan goge ringin fistan da bangon silinda, ta cinye bakin fukafukan turbo, ta gauraya da baƙin mai ta bi shi har cikin biyarin. Ba ta yin ɓarnarta a rana ɗaya. Inji yakan fara shan baƙin mai, matsinsa ya ragu, ya tsufa kafin lokacinsa.

Akwai mizanin duniya na gwada matata, ISO 5011, inda ake hura mata ƙura mai sanannen girma a auna wadda ta tsallake. Sakamakon yakan zo kamar 98 ko 99 ko 99.9 cikin ɗari, lambobin da ke kama da juna a ido. Amma abin da ke shiga inji shi ne ragowar. Matata mai kama kashi 98 tana barin ninki biyu na ƙurar da mai kama 99 ke bari, kuma ninki 20 na wadda mai kama 99.9 ke bari. Hanya biyu ce ake sa matata ta saki iska: a buɗa ramukanta, ko a faɗaɗa jikinta. Ta farko tana sayar da tsabta don samun iska, ta biyu ba ta sayar da komai sai wuri. Wannan ne ya sa saiti mai babban akwati da babbar busasshiyar matata ya fi dacewa da motar aiki a kan 'yar matatar auduga mai ramuka. Mai saye yana da haƙƙin ya nemi sakamakon wannan gwaji, ya kuma duba ko da ƙura mai laushi aka yi shi ko mai kaushi, domin lambar takan yi kyau idan ƙurar manya ce.

Matatar auduga mai mai tana da nata amfanin, tunda ana wanke ta a sake amfani da ita shekara da shekaru. Amma ingancinta ya rataya ne a kan hannun mai wankin. Idan man ya yi kaɗan ƙura ta wuce. Idan ya yi yawa yana iya bin iska ya manne a kan siririyar wayar na'urar auna iska, ƙura ta taru a kai, na'urar ta fara ba kwamfuta labarin da ba daidai ba. General Motors ya taɓa aika wa dillalansa sanarwa a kan matsalolin da ke biyo bayan matatar da aka cika wa mai, ko da yake K&N yana musanta cewa man matatarsa na yin haka. Faɗin bututu ma yana da nasa tasiri: an daidaita na'urar ne da faɗin bututun asali, don haka saitin da ba a auna shi da kyau ba yakan sa lissafin mai ya karkace har fitilar gargaɗin inji ta kama. Sai kuma ruwa. Saitin da ya saukar da matata ƙasa kusa da bamba don neman sanyi yana iya zuƙar ruwa idan aka ratsa kududdufi mai zurfi, kuma ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda, sandar fistan ce ke lanƙwashewa.

Ta fuskar doka, a Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfanin mota soke garanti don kawai an sa kayan wani kamfani, amma yana iya ƙin biyan gyaran da ya tabbata cewa kayan ne suka jawo shi. Jihar Kalifoniya kuma ba ta yarda a yi amfani da saitin a kan hanya ba sai yana ɗauke da lambar amincewar hukumar kula da iska ta jihar, kuma ana neman wannan lamba a wajen gwajin hayaƙi.

Irin waɗannan kaya suna shigowa Afirka ta Yamma a jikin motocin da aka yi amfani da su a Amurka, kuma a nan ma'aunin ya fi karkata ga tsabta. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana da laushi ƙwarai, irin wadda matata mai buɗaɗɗun ramuka ta fi saurin bari ta wuce, ga kuma hanyoyin burji da Hilux da tifa da tirela ke bi suna shaƙar ƙurar na gaba. A irin wannan yanayi gyaran da ke da amfani shi ne wanda ke rage ƙurar da ke isa matata. Dogon bututun da ake ɗagawa gefen gilashin gaba har kusa da rufin mota, kamar wanda ake gani a jikin Land Cruiser na aikin daji, yana ɗebo iska daga sama inda ƙura ta fi sauƙi kuma ruwa ba ya kaiwa. Ƙoƙon da ke juya iska ya watsar da manyan ƙwayoyin ƙura kafin su kai matata, wanda tarakta da manyan motoci ke ɗauke da shi, yana tsawaita ranta sosai. Babu ɗayansu da ke ƙara ƙarfi. Al'adar cire matata a bubbuga ta a ƙasa ko a hure ta da iskar kwamfuresa mai ƙarfi kuwa tana iya yaga takardar ta inda ido ba ya gani, kuma ƙaramar ɓula ko robar baki da ba ta zauna daidai ba ta fi kowace irin matata barin ƙura.

Inda saitin kasuwa ke da cikakkiyar hujja shi ne injin da aka riga aka sauya wa lissafin kwamfuta, ko aka sa masa turbo mafi girma, har bukatarsa ta iska ta zarce abin da aka zana akwatin asali dominsa. A nan akwatin ya zama shi ne maƙogwaron da ya yi kaɗan, kuma faɗaɗa shi yana sakin ƙarfin da sauran gyare-gyaren suka tanada. Ana iya sanin ko an kai wannan matsayi ba tare da zato ba. Akwai wani ɗan ma'auni mai araha da ake ɗaurawa tsakanin matata da inji, wanda manyan motocin dizal da yawa ke zuwa da shi daga masana'anta, yana nuna cikas mafi girma da aka samu kuma ya tsaya a nan har sai an danna shi. Idan aka sa sabuwar matata, aka ɗora kaya, aka taka totur har ƙasa a hawa, sannan aka duba ma'aunin aka ga yana nesa da jan layinsa, to hanyar iskar motar ba ita ce ke riƙe ƙarfinta ba. Idan kuwa ya matso kusa da jan layin da sabuwar matata, akwatin ya yi wa injin kaɗan, kuma lokacin neman wanda ya fi shi girma ya yi.